Motar da Kaka Kaɗai Take Ji

Litinin

Assalamu alaikum Kawu Bututu,

Kar ka ce wace mara kunya ce take kiranka da sunan tsokana. Wallahi shi na taso na ji ana faɗa a gidanmu, da na tambayi Umma sunanka na yanka sai da ta tsaya tunani. Ni ce Rediyo, jikar Kaka, wato Innarka da ta riƙe ka shekara uku kana yaro. Abbana shi ne autanta. Rabonka da ni tun ina rarrafe, an ce ka ɗauke ni na jiƙa maka wando, to ka yafe, yanzu na girma.

Ya aiki, ya iyali, ya jikin Gwaggo da ciwon ƙafa? Mu nan lafiya lau, in ka cire abin da zan faɗa maka. Umma ta ce kana can wani daji kuna gina asibiti, kai ne mai sa bututun iska da na'urar sanyaya ɗaki. Ta kuma ce ba ka sauraron saƙon murya, sai rubutu. Kawu ka cuce ni. Ni da makaranta mun rabu a aji uku na sakandare, kowa ya kama gabansa ba faɗa, yanzu ga shi yatsana zai yi kanta saboda kai.

Wata huɗu ke nan da muka koma sabon gida. Muna sama, ƙasanmu shagon wanki da guga ne. Kaka ta samu ɗakin da ya fi kowanne kyau, taga tana kallon titi, ta jera tukwanen na'ana'arta a kai. Sati ɗaya da tarewa ta fara cewa wata babbar mota tana tsayawa a ƙofar gida, direban ya bar injin a kunne ya tafi yawonsa. Sai ta leƙa taga za ta yi masa faɗa, ba mota. Da farko dariya muka yi. Ni har cewa nake Kaka fito direbanki ya zo, ta ce in ya zo ni zai ɗauka ya kai bola.

Yanzu abin ya wuce dariya. Kanta yana ciwo, ta ce ƙirjinta kamar an ɗora mata dutse, abinci sai an yi da gaske. Da rana sai ta ɗauki 'yar kujera ta zauna a baranda kamar baƙuwa. Mu kuma ba wanda yake jin komai. Abba ya sauka ya roƙi Mai Wanki ta kashe injinan wanki gaba ɗaya, ta kashe, Kaka ta ce motar tana nan daram.

Ranar Juma'a Baba Babba ya zo, yayan Abba, ka san shi da rashin son dogon zance. Ya durƙusa a bakin ƙofa ya gaishe ta, ya kasa kunne, ya fito ya ce wa Abba tsufa ne ya fara taɓa kai. Ya ce ƙarshen wata zai zo ya tafi da ita gidansa, a kai ta wajen likitan ƙwaƙwalwa. Gidan nasa tafiyar wuni guda ne daga nan, kuma kowa aiki yake fita, daga ita sai talabijin. Kaka ta ji shi sarai. Abin da ta ce kawai shi ne: “Ni dai ban haukace ba.”

Na hau waya na bincika. Wani a bidiyo ya ce kiret ɗin ƙwai yana kashe ƙara, na bi shaguna na tara guda arba'in na manne a bango. Wata ta ce soso, na yanka tsohuwar katifata. Ɗakin Kaka ya koma kamar gidan kaji, motar ko gezau. Sai wani ya rubuta a ƙasan bidiyon cewa a duba bututun iska, shi ne na tuna muna da Kawu guda da sunan.

Ga sautin ɗakin na ɗauka da waya, minti biyu. Na san ba ka son sauti, amma wannan ba surutuna ba ne. Don Allah ka saurara.

'Yarka,
Rediyo


Asabar

Wa alaikumus salam 'yata,

Na ga saƙonki, na yi murna ƙwarai. Wandon ya bushe tuni. Gwaggonki da sauƙi, tana gaishe ku. Ki durƙusa ki gaishe min da Inna.

Nan sabis sai an hau kan tankin ruwa, yanzu haka a kai nake, don haka a taƙaice. Na saurari abin da kika turo sau uku, babu komai a ciki. Ki cire kiret da soso, ba abin da za su yi sai tara kyankyaso.

Ki amsa min waɗannan. Yaya kunnen Inna yake, in kin kira ta daga kicin tana ji? Tun yaushe jinta ya ragu? A ina gadonta yake a ɗakin? Akwai ranar da take cewa motar ba ta zo ba? Ke da kanki kin taɓa ji ko sau ɗaya?

Hadari ya taso, bari in sauka. Sauran bayani na nan tafe.

Kawunki


Lahadi

Kawu,

Ina wuni, ya aiki. Na gaishe ka ne don an ce a gaida babba, amma raina a ɓace yake.

Kusan sati guda ina duba waya kamar mai jiran sakamakon jarrabawa. Da saƙonka ya shigo ko karantawa ban gama ba na ruga na miƙa wa Abba, ina cewa ga amsar masani. Abba ya karanta a fili. Ya zo kan “babu komai a ciki” ya tsaya. Ya zo kan tambayar kunne ya girgiza kai. Kafin in ce wani abu ya kira Baba Babba ya ce masa ai ko Bututu da yake aikinsa ne ya ce babu komai, har ma yana tambayar lafiyar kunnenta. Baba Babba ya ce to zaman me ake, ba sai ƙarshen wata ba, Asabar ta sama da mai zuwa zai zo da mota.

Ashe kai ma layinsu kake. Matar da ta yi maka wanka ta cire maka ƙaya a ƙafa, ita ce za ka tambayi tun yaushe ta lalace? Da na sani da na bar ka a kan tankinka.

Ga amsoshinka tunda ka tambaya. E, in na kira ta daga kicin ba ta ji sai na zo kusa, shekara biyu ke nan, sai ka ƙara a cikin hujjarku. Gadonta yana lungun ɗaki can ciki, kanta a kusurwa, jikin wani ginshiƙi da aka rufe da katako, ta ce a nan take ganin ƙofa da taga lokaci ɗaya. Ranar Lahadi tana cewa direban ya tafi hutu, kuma kullum da magariba yana tafiya. Ni kuma ban taɓa ji ba. Shi ke nan ka ji daɗi? Na shiga ɗakin ya fi sau ɗari, na tsaya na riƙe numfashi, ban ji komai ba. Na yarda da ita ne kawai don Kaka ba ta ƙarya, ko a ludo ba ta yi, ni ce mai yi.

Abin da ya fi ƙona min rai, ɗazu na shiga na tarar ta sauko da jakarta da kanta tana ninke kaya. Na ce Kaka me kike yi. Ta ce wataƙila gaskiyarsu ce, mutum ba ya ganin ƙeyarsa. Ta ce in riƙa ba na'ana'ar ruwa da safe kar in jira rana ta yi. Gara min lokacin da take faɗa.

Na cire kiret ɗin. Kyankyaso uku na samu, a nan kam ka yi gaskiya.

Rediyo


Litinin

Kawu ina kwana,

Kwana takwas shiru. Ko fushi ka yi? Umma ta ga abin da na rubuta maka ta ce bakina ya fi ƙarfin kaina, wai ko ɗan cikinka ba zai yi maka haka ba. To ka yi haƙuri da kalmar layi, da maganar tanki. Sauran ban janye ba tukuna.

In ka daina kula ni ba komai, amma saura kwana biyar. Kaka ta raba wa maƙwabta tukwanen na'ana'arta biyu. Jiya mun yi ludo na saci gida huɗu a gabanta, ta gani, ba ta ce komai ba. Kawu wannan ba Kakata ba ce.

Ko kalma ɗaya ce ka turo.

Rediyo


Laraba

'Yata Rediyo,

Lafiya lau nake, da fatan kuna lafiya. Ban yi fushi ba. Iskar ranar nan ta karya ƙarfen sabis, sai yau na samu motar siminti ta fito da ni bakin hanya, saƙonninki biyu suka shigo tare. Na karanta na farko na ji kunya, na karanta na biyu na ji tsoro. Laifina ne, na ba ki rabin magana na sauka.

Ki karanta wa Abbanki wannan har ƙarshe. Da na ce babu komai a cikin sautin, wayarki nake nufi, ba ɗakin ba. An yi waya don muryar mutum. Ƙara iri biyu ce a aikinmu. Akwai siririya, irin ta fito ko ƙarar cokali, ita soso yake shanyewa. Akwai mai kauri can ƙasa, wadda ta fi kama da rugugin hadari daga nesa, ƙirji yake fara jin ta kafin kunne. Wannan waya ba ta kama ta sosai, soso da kiret kuma ratsa su take kamar babu, har bango tana ratsawa.

Tambayar kunne ba zargi ba ce. Tsufa siririyar ƙara yake fara ɗaukewa. Ke kina jin hon, da maganar mutane, da wayarki da na tabbata ba ta shiru, duk sun rufe miki mai kaurin. Inna an share mata waɗannan, sai aka bar ta da ita kaɗai.

Amsar da kika ba ni cikin fushi ita ce ta fi amfani. Irin wannan ƙarar ba ta cika ɗaki daidai wa daida. A kusurwa take taruwa, wani wurin kuma sai ki tsaya ki rantse ba komai. Kin ce kin shiga sau ɗari kin tsaya. A ina kika tsaya? Na san gidanmu. A cikinku akwai wanda ya taɓa ko zama a kan gadon Inna, balle ya sa kansa inda take sa nata? Ni shekara uku na yi a hannunta ban taɓa ba.

Ki yi abu uku. Ki nemi izininta ki kwanta a gadon, kanki a kusurwa, ki kashe waya. Ki zuba ruwa a faranti mai faɗi ki ajiye jikin katakon ginshiƙin ki kalli fuskar ruwan. Sannan ki sauka wajen Mai Wanki. Abbanki injinan wanki ya sa aka kashe, amma duk shagon da ake busar da kaya yana da fankar da take zuƙe zafi ta tura shi sama ta bututu. Tana can baya, da safe ake kunna ta a manta da ita sai an tashi. Zargina wannan ginshiƙin ba ginshiƙi ba ne, bututu ne aka yi wa riga. A kashe fankar a kunna ba tare da Inna ta sani ba, a ji me za ta ce.

Ina ɗan shekara tara Inna ta tashe mu daga cin abinci ta ce gara tana cin azarar ɗaki, tana jin ta. Manya suka yi dariya. Ta kwashe mu waje duk da haka, ba a yi kwana biyu ba rufin ya zauna. Ki gaya mata ban manta ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Zan kwana biyu a nan bakin hanya, ba zan koma ba sai na ji daga gare ki.

Kawunki


Asabar

Kawuna na kaina,

Ina wuni, ya gajiya, ya bakin hanya? Na janye sauran maganar duka, har wadda ban rubuta ba. Zauna da kyau ka sha labari.

Ranar Alhamis na ce Kaka ara min gadonki. Ta kalle ni sama da ƙasa ta ce ko ubana bai taɓa hawa ba tun da aka yaye shi. Na ce umarnin Bututu ne. Ta ce in wanke ƙafa. Na wanke, na kashe waya, wanda rabona da yi tun da na saye ta, na kwanta na sa kaina a kusurwa. Kawu, ga mota. Wallahi ga mota. Ba a kunne take ba, a cikin haƙarƙari take, wuuu, kamar an rufe ni a cikin ganga. Na ɗago na matsa taku uku zuwa tsakiyar ɗaki, shiru. Na koma, ga ta. Na yi ta yi kamar mai tsallen igiya, ina kuka ina dariya, Kaka tana cewa in sauka kar in karya mata gado. Farantin ruwa kuwa, fuskarsa rawa take ƙananan zobe-zobe ba ta tsayawa.

Na so in kira kowa a lokacin, sai na ce a'a, Baba Babba ba ya sayen labari, sai ya taɓa da hannunsa. Na sauka wajen Mai Wanki. Mace ce mai kirki, dariyarta har titi. Ta kai ni baya ta nuna min fankar, ƙatuwa, ta ce ita ko a lissafin inji ba ta sa ta, kamar fitila take a wurinta. Muka shirya.

Yau da hantsi Baba Babba ya iso da mota, a hanya ya kwana, direba har ya ɗauki jakar Kaka. Ya durƙusa a bakin ƙofa yadda ya saba. Na ce Baba don Allah minti goma. Ya ce hanya da nisa. Abba ya ce a ba ni, ai na riga na karanta masa wasiƙarka. Sai na ba Baba Babba wayata na ce shi da kansa zai riƙa tura wa Mai Wanki “kashe” ko “kunna” duk lokacin da ya ga dama, daga baranda inda Kaka ba ta ganinsa, Abba kuma ya tsaya a ƙofa yana faɗa masa abin da ta ce.

Kaka tana zaune a gadonta da carbi. Can sai ta ce motar ta tafi. Jim kaɗan ta ce ta dawo. Baba Babba ya yi wayo, ya daɗe bai tura komai ba, Abba ya tambaye ta yanzu fa, ta ce tana nan, kar a raina mata hankali. Sau tara, ba ta kuskure ko ɗaya ba. A na ƙarshe ma cewa ta yi direban nan yau ya sha wani abu, sai shiga da fita yake.

Baba Babba ya shigo ya ce to shi me ya sa ba ya ji. Na ce sai ka kwanta a gadon. Ya ce a'uzubillahi, gadon mahaifiyarsa? Ya ja da baya kamar na ce ya taka wuta. Kaka ta sauko ta ce: “Wata tara ka yi a cikina ban ce ka yi rashin kunya ba. Cire takalmi ka hau.”

Kawu da ka ga babban mutum da furfura da babbar riga yana rarrafawa kan gado, ƙafafunsa sun yi waje. Umma ta gudu kicin don kar a ga dariyarta. Ya sa kansa a kusurwa. Ya daɗe a haka. Da ya tashi idonsa ya yi ja. Bai koma bakin ƙofa ba, a gabanta ya durƙusa ya riƙe ƙafarta ya ce: “Inna wata huɗu kina cikin wannan, ni ina bakin ƙofa ina yanke hukunci. Ki yafe min.” Ta ce ta yafe, amma a dawo mata da jakarta kafin direba ya murƙushe mata turare.

Sai dai da sauran rina a kaba. Baba Babba ya soke maganar likitan ƙwaƙwalwa, amma ya ce ba zai bar ta a cikin wannan rugugin ba, kuma ba za a ce Mai Wanki ta rufe sana'arta ba. Ya ba mu sati biyu, in ba a gyara ba zai dawo. Jakar tana nan bakin gado ba a kwance ba. Ga hotuna goma sha bakwai na fankar da bututun, ta sama, ta ƙasa, ta gefe. Biyu daga ciki ni ce da Mai Wanki, ka tsallake su.

'Yarka mai kunne yanzu,
Rediyo


Lahadi

'Yata,

Alhamdu lillahi. Na karanta a shagon mai shayi na yi dariya har ya tambaye ni ko an yi min haihuwa. Ki gaida Inna, ki gaida Yaya, ki ce masa na so a ce da hoton.

Hotunanki sun yi kyau, sun nuna ciwon duka. Ki samo mai walda wanda yake sauraron magana, ki karanta masa.

An ɗaure fankar da ƙusa kai tsaye jikin bango, duk rawar da take yi ginin ne yake sha. A sauke ta a zaunar a kan ƙafafun roba masu kauri. Bakinta kuma an haɗe shi da bututun ƙarfe da ƙarfe. A yanke tsawon tafin hannu a tsakani, a sa wuyan tamfol mai jure zafi, iska ta wuce, rawa ta tsaya a nan.

Bututun da kansa faffaɗa ne kuma kwanon siriri, shi ya sa yake kaɗawa kamar fatar ganga. A buɗe katakon ɗakin Inna a ɗaura masa ƙarfen kwana a gicciye duk rabin mita, kuma kar ya taɓa katakon ko bango in an mayar.

A hoto na tara na ga ragar da take tace iska ta toshe da ɓurɓushin zare, a na goma kuma na ga an murɗa maɓallin gudu har ƙarshe. Ɗaya ne ya jawo ɗaya: raga ta toshe, zafi ya ƙi fita, aka ƙara gudu. A wanke ragar duk sati, a rage gudun kaɗan. Fanka in ta rage gudu kaɗan, rugugin da yawa yake raguwa. Wannan ma ku fara da shi gobe, ba ya buƙatar kowa.

Ba zan ce zai tafi gaba ɗaya ba, amma zai sauka inda mutum zai zauna lafiya. Kafin nan ku ja gadon daga kusurwa.

Gobe zan koma daji. In kin ji shiru, tanki ne, ba fushi ba.

Kawunki


Alhamis

Kawu Bututu, sarkin iska,

Ina kwana, ya daji, ya tanki? Ya ƙafar Gwaggo? Mu nan lafiya har ta yi yawa.

Maganar jan gado ka manta da ita. Kaka ta ce ita ba za ta matsa wa mota ba, motar ce za ta matsa mata. Haka kuwa aka yi.

Ragar da muka ciro, Mai Wanki ta ce zaren da yake jiki zai ɗinka wa mutum riga da wando. Muka wanke, muka rage gudu, a ranar Kaka ta ce direban ya ja baya zuwa bakin kwana. Mai walda ya zo Talata, da farko yana min kallon yarinya da waya, wai shi shekara ashirin yana aiki ba a taɓa karanta masa wasiƙa ba. Da ya buɗe katakon ya sa tafin hannu a kwanon ya ji yana kaɗawa, sai ya ce in sake karanto wajen tamfol ɗin a hankali. Kwana biyu suka yi. Yanzu cewa yake in tambaye ka ko kana ɗaukar ɗalibai. Mai Wanki ma ta ce ciwon kan da take tashi da shi kullum ya ragu, da ta ɗauka 'ya'yanta ne.

Jiya aka kunna. Na ajiye farantin ruwa, fuskarsa lum kamar madubi. Na wanke ƙafa na hau gado, sai na nutsu sosai nake jin ɗan abu can nesa. Muka zuba wa Kaka ido. Ta zauna, ta karkata kai, ta ja carbi ya kai goma don ta ja mana rai. Sannan ta ce a tambayi Mai Wanki ko ta kunna ne. Ai kuwa Umma ta rangaɗa guɗa har masu guga suka leƙo.

Da kanta ta kwance jakar. Ta aike ni gidan maƙwabta in karɓo tukwanenta biyu, wai aro ta bayar, ni na ji kunya ita ko a jikinta. Da yamma na saci gida ɗaya tak a ludo ta buge min hannu da murfin kwano. Ka ga tabon a hoto, ban taɓa jin daɗin duka irin wannan ba.

Ta ce in rubuta maka wannan yadda ta faɗa, tana tsaye a kaina: “Ka gaya wa yaron nan Allah ya yi masa albarka, ya zo in gan shi kafin ya tsufa. Kuma saura inji ɗaya a gidan nan da yake tashi tun safe ba ya mutuwa ko ranar Lahadi, in yana da robar da za a sa masa ya aiko.” Ni take nufi. Kar ka aiko.

Baba Babba bai jira sati biyun ba, ɗazu ya iso, ba direba, ba maganar tafiya. Ya yi sallama zai durƙusa a bakin ƙofa, Kaka ta daki katifa da tafin hannu ta ce daga can ba a jin komai. Yanzu haka da nake maka rubutu yana zaune a bakin gadon, Abba a gefensa, takalmansu a ƙofa, su biyu sun takure kamar sababbin ɗalibai, tana ba su labarin garar da ta ci azara.

Ta ce akwai sauran wuri ta wajen ƙafa, naka ne.

'Yarka,
Rediyo